Kazar Gida Gado Ce, Kada A Bari Irinta Ya Ɓace

Duk shekara in Salla ta gabato, ko kuwa Kirsimeti, motoci kan tashi daga kasuwannin ƙauyukan Arewa ɗauke da kwanduna cike da kajin gida, su nufi Kano da Kaduna da Abuja, waɗansu har Ibadan da Legas da Anaca. Mai sarin kaji ba ya taya ƙyamusasshiya. Zakaran da ya fi girma da kazar da ta fi nauyi a hannu su yake ɗagawa, mai kaji kuwa da yake kuɗi yake nema, su yake miƙa masa. Abin da ya rage a tsakar gida, watau ƙanana da marasa kuzari, su ne za su zama iyayen kajin baɗi.

Manomi ba ya yin haka da hatsinsa. Tun a gona yake ware zangarniyar da ta fi cika, ya ɗaure ta dabam, ya rataye, kome tsananin yunwar bazara ba ya bari a taɓa ta, domin ya san iri ce. Amma in aka zo kan kaji sai a juya al'amarin, a sayar da iri, a bar ragowa ta yi ta hayayyafa. In an daɗe ana haka sai kajin gidan su riƙa ƙanƙancewa, har a ce ai kazar gida ba ta da amfani, alhali kuwa laifin ba nata ba ne.

ASALINTA DA IRE-IRENTA

Masana sun nuna cewa kajin duniya duka sun samo asali daga wata jar kazar daji da ke dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya. Daga can aka yi ta yawo da ita har ta iso Afirka ta Yamma, kuma masu tonon kufai sun sami ƙasusuwan kaji da suka haura shekara 1,000 a tsohon birnin Jenne na ƙasar Mali. Ke nan kazar da ake kira kazar Hausa, ko kazar gida, ta yi ɗaruruwan shekaru tana shan zafin bazara da sanyin hunturu na wannan yanki, tana fama da cututtukansa da shahonsa. Wadda ba ta iya ba ta mutu, wadda ta jure ta bar baya.

Masu bincike a jami'o'in ƙasar nan, kamar na Ife da Ilorin da Nsukka, sun lura cewa kajin gida na Nijeriya ba girmansu ɗaya ba. Na ƙasar kurmi sun fi ƙanƙanta, na ƙasar Arewa sun fi jiki, kuma a cikinsu kazar Fulani, wadda ake samu a rugage, ita ce aka fi yabawa wajen girma. Abin da ya taimaka mata shi ne nisan ruga da gari, domin zakarun waje ba su cika kaiwa gare ta ba.

Ban da bambancin girma akwai na kama. Akwai fingi mai gashi a tashe, akwai mai wuya ba gashi, akwai durgu mai gajerun ƙafafu, akwai mai tukku. Launi kuwa ba a magana: ja, fara, baƙa, wake-wake da sauransu. Waɗannan kamannu ba na ado kaɗai ba ne. Mai wuya ba gashi tana da ƙarancin gashi a jiki baki ɗaya, daga kashi 20 har zuwa kashi 40 cikin 100, saboda haka zafi ya fi saurin fita daga jikinta. Fingi ma iska ta fi ratsa ta. A ƙasar da zafin Afrilu kan sa kajin gidan gona su buɗe baki suna haki har su faɗi, wannan ba ƙaramar baiwa ba ce. Duk da haka su biyun nan su ne suka fi ƙaranci a garke, domin waɗansu mutane suna ƙyamar kamanninsu, waɗansu kuma suna neman su don maganin gargajiya, sai a yanke su tun ba su bar baya ba.

ABIN DA TA FI KAZAR TURAWA DA SHI

In ƙwai za a ƙirga, kazar gida ba ta kama ƙafar ta Turawa ba. A kiwon sake takan yi ƙwai 40 zuwa 60 a shekara, a zubi uku ko huɗu, alhali kazar gidan gona tana kusantar 300. In nama ne, kajin nama na gidan gona kan isa yanka cikin mako 6 zuwa 8, ta gida kuwa sai ta yi wata 5 ko 6, nauyinta ma bai cika wuce kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba.

Amma kazar gidan gona ba ta yin wannan bajinta sai an saya mata abinci na buhu kullum, da magani, da ɗaki na musamman. Kuma an cire mata halin kwanci, domin masu ƙirƙiro ta ƙwai suke so, kaza mai kwanci kuwa ba ta yin ƙwai. Saboda haka in ta tsufa tilas mai ita ya koma wurin masu injin ƙyanƙyasa ya sayo sababbin 'yan tsaki. Kazar gida ita ce injin kanta. Ita za ta yi ƙwai, ta kwanta a kai, ta ƙyanƙyashe, ta ɗumama 'ya'yanta a ƙarƙashin fikafikanta, ta koya musu tono, in ta hango inuwar shirwa ta yi musu kukan gargaɗi. Ko ƙwan zabi aka sa mata za ta ƙyanƙyashe ta raina, abin da ita zabuwar ba ta cika yi da kyau a gida ba. Daɗin daɗawa, a kasuwa ta fi tsada, domin masu girki sun san namanta ya fi ɗanɗano kuma ba ya dagargajewa a miya.

A karkara yawancin kajin nan na mata ne da yara. Da kuɗinsu ake sayen sabulu da littafin makaranta da maganin zazzaɓi, da su ake karɓar baƙo, kuma da yawa daga masu awaki da kaza suka fara. In irin kazar nan ya lalace, aljihun waɗannan bayin Allah ne zai fara ji.

YADDA IRI KE ƁACEWA

Sayar da nagari ita ce hanya ta farko. Ta biyu ita ce gauraya ba bisa tsari ba. Tun zamanin Turawa, da bayan samun mulkin kai, ma'aikatun gona sun sha rarraba zakarun Turai a ƙauyuka, irin su Rhode Island Red, da nufin a ƙara wa kajin gida girma. Shirin ciyar da ƙasa na 1976 da shirin bunƙasa noma na 1980 su ma sun ƙarfafa kiwon kajin waje. 'Ya'yan farko na irin wannan haɗi sukan fito da girma, amma girman nan yana bukatar abincin da tonon bola ba zai bayar ba, kuma da yawa cikin matansu ba su damu da kwanci ba.

Daga baya masanan ƙasar nan sun fito da nasu. Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta fitar da kazar ƙwai mai suna Shika Brown cikin shekarar 2000. A Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Abekuta, Farfesa Olufunmilayo Adebambo ta shugabanci aikin da ya samar da FUNAAB Alpha, wadda aka yi wa rajista cikin 2018. Akwai kuma Noiler, wadda ta bazu a gidaje birni da ƙauye. Duk suna da amfaninsu ga mai neman nama ko ƙwai da sauri. Abin lura shi ne, FUNAAB Alpha da jinin kajin gida aka gina ta, har da fingi da mai wuya ba gashi. Da an bari sun ɓace, da masanan ba su sami tubalin ginin ba.

Wannan damuwa ba ta Nijeriya kaɗai ba ce. Cikin watan Satumba na 2007 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tara ƙasashe a garin Interlaken na Suwizalan, inda aka amince da shirin tsare ire-iren dabbobin gida, bayan rahotonta ya nuna cewa a shekarun da suka gabaci taron kusan kowane wata sai wani iri ya ɓace daga doron ƙasa. Irin da ya ɓace kuwa ya tafi ke nan, ba kuɗin da zai komo da shi.

ZAƁEN IRI

Wanda ke son kafa garke na kajin gida tsantsa, abin da ya kamata ya fara yi shi ne neman iri daga inda ba a gauraya ba, watau ruga ko ƙauyen da ke nesa da gidajen gona. Ya fi kyau ya saya a gidan mai su, inda zai ga uwa da sauran garke da idonsa, maimakon kasuwa, inda kajin gari goma ke haɗuwa a kwando ɗaya da cututtukansu. In ya kawo su gida ya keɓe su mako 2 kafin su haɗu da waɗanda ya tarar. Zakara ɗaya da kaji 8 zuwa 10 sun isa mafari.

Kazar da za a bari don iri ba a zaɓenta da kyan launi. A duba wadda ke yin ƙwai da yawa a zubi ɗaya, wadda in ta kwanta ba ta tashi ta bar ƙwai ya huce, wadda ke ƙyanƙyashe mafi yawan abin da aka sa mata, wadda kuma 'ya'yanta ke rayuwa. Irin wannan kaza ko ta kwana biyu ba a gaggawar yanka ta, kuma daga cikin 'ya'yanta ake ware sagarun da za su gaje ta.

Zaɓen zakara ya fi wannan nauyi, domin kaza 'ya'yanta kaɗai take gadar wa halinta, zakara kuwa duk ɗan tsakon gidan jininsa ne. A gwada shi da sa'o'insa da aka ƙyanƙyashe tare, ba da wanda ya girme shi ba. In sun kai wata 5 a ɗora su a ma'auni, ko a jinjina a hannu, a ware wanda ya fi nauyi, mai faɗin ƙirji, mai miƙaƙƙun ƙafafu, mai jan zanko da ido garau, wanda kuma uwarsa tana cikin kajin kirki na gidan. A ɗaura masa zare mai launi a ƙafa, kowa a gidan ya sani wannan ba na baƙo ba ne, ba kuma na kasuwa ba. Sauran zakarun su ne na Salla da na suna.

Sa'an nan akwai maganar zakarun maƙwabta. Kajin sake ba su san katanga ba, saboda haka in lokacin tara ƙwan iri ya yi, sai a killace zaɓaɓɓun kaji da zakaransu a wani kewaye na zana ko na waya. Kaza kan riƙe barbarar zakaran baya a jikinta har mako 2 zuwa 3, don haka ƙwan da aka samu cikin wannan lokaci na ci ne ko na sayarwa. Wanda ya biyo baya shi ne iri.

Kada kuma a bar zakara ɗaya ya daɗe yana bin 'ya'yansa da jikokinsa. In jini ya yi kusa da yawa, baragurbi kan yawaita, 'yan tsaki su fito da rauni. Maganin wannan shi ne musayar zakara duk shekara, ko shekara biyu, da wani mai kajin gida tsantsa a wani ƙauye. Mai son fingi kuwa kada ya haɗa fingi da fingi, domin wajen kashi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu kan fito da gashi mai karyewa wanda ba ya tare sanyi ko ruwa. In aka haɗa fingi da mai kwantaccen gashi, kimanin rabin 'ya'yan za su fito fingi lafiyayyu.

Duk wannan yana bukatar tunawa, kai kuwa ba ya riƙe kome da kome. Ɗan littafi guda, ko da boko ko da ajami, wanda za a rubuta ranar da kowace kaza ta kwanta, da ƙwai nawa, da nawa suka fito, da nawa suka kai wata 2, ya isa ya nuna wa mai gida wadda za a bari da wadda za a sayar.

KWANCI DA ƘYANƘYASA

Ƙwan iri ana tsince shi kullum, a zaɓi mai matsakaicin girma, mai tsabta, marar tsaga, kada a wanke shi. A rubuta masa kwanan wata da fensir, a ajiye a wuri mai sanyi, kamar kusa da randa, tsininsa yana kallon ƙasa. Ya fi kyau kada ya wuce kwana 7 kafin a sa wa kaza, domin daga nan ƙarfinsa raguwa yake yi, balle da zafi.

Kaza matsakaiciya ƙwai 10 zuwa 12 take iya rufewa sosai. In aka yi haɗama aka tara mata 18, na gefe za su huce, da yake kuma juya su take yi, sai sanyin ya zagaya duka. A shirya mata gurbi a wuri mai duhu-duhu inda ba a damunta, a zuba yashi ko busasshiyar ciyawa, a barbaɗa toka saboda ƙwarƙwata da ƙuma, waɗanda kan addabi kaza har ta gudu ta bar ƙwai. A ajiye mata ruwa da hatsi kusa. Bayan kwana 7 zuwa 10 a haska kowane ƙwai da tocila cikin dare: mai rai za a ga jijiyoyi ja a ciki, wanda ya fito garau kuwa ba ɗa, sai a cire shi. A kwana na 21 za a ji kukan 'yan tsaki.

RAINON 'YAN TSAKI

A nan ne aka fi yin asara. A kiwon sake rabin 'yan tsaki, ko fiye, kan salwanta kafin su cika wata 2. Shaho da shirwa na ɗauka ta sama, muzuru da tunku da gafiya da maciji ta ƙasa, raɓa da ruwan sama su kashe saura. Hausawa na cewa zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi, amma wannan bai hana mai kaji gyara akurkinsa ba.

Abin yi shi ne a tsare uwa da 'ya'yanta mako 4 zuwa 6 na farko a ƙarƙashin babban kwando ko cikin kewaye mai rufi, a riƙa gusar da shi zuwa busasshen wuri. A ba su tsakin gero ko na dawa ko na masara, a haɗa da dakakken ƙuli-ƙuli marar yaji, da gara, da yankakken ganyen zogale. Gara ba ta da wuyar samu: a cusa busasshen kashin shanu da karmami a tsohuwar tukunya, a yayyafa ruwa, a kife ta kusa da suri da yamma, da safe a ɗauko. Kada a ba su gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna, domin tana da dafi mai lalata hanta. Ruwan sha a kasko marar zurfi, a jefa tsakuwa a ciki don kada su nutse. Manyan kaji su ma a riƙa watsa musu dusa da hatsi safe da yamma, a daka wa masu ƙwai ƙonannen ƙashi don ɓawon ƙwan ya yi ƙwari.

In 'yan tsaki sun yi gashi sosai, wajen mako 6 zuwa 8, ana iya raba su da uwar. Wannan kan sa ta koma yin ƙwai da wuri, maimakon ta yi wata uku tana jan su a baya.

ANNOBAR HUNTURU

Kome kyan irin da mutum ya tara, mako guda ya isa annoba ta share shi. Babbar cutar kajin karkara ita ce wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasil, da sunan wani gari na Ingila inda aka gan ta cikin 1926. A Nijeriya an fara tabbatar da ita a wajen Ibadan cikin 1952, kuma ta fi tsanani da hunturu. Alamunta sanannu ne: kaza ta yi sanyi, ta saki fikafikai, ta yi ta haki da koren zawo, wata wuyanta ya murɗe.

Cutar nan ba ta da magani. Kafso da barkono da ake jefawa a ruwan kaji ba sa kashe ƙwayarta. Rigakafi kaɗai ke tsare garke. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, wadda ke can tun 1924, tana yin rigakafin cutar iri-iri, har da wanda ake kira I-2, wanda aka fara samarwa a Ostareliya saboda ƙauyukan da ba su da firiji, domin ya fi sauran jure zafi. Ɗigo ɗaya ake yi wa kowace kaza a ido, babba da ƙarama, duk wata 4. Lafiyayyu ake yi wa, kuma tun kafin iskar hunturu ta kaɗa, wajen watan Oktoba, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Da yake kwalba ɗaya ta fi ƙarfin gida guda, ya fi sauƙi unguwa ta haɗa kai a yi rana ɗaya.

In cuta ta riga ta shigo, al'adar kwasar kaji a ruga kasuwa da su ita ce ke kai annobar ƙauyuka na gaba. A ware marasa lafiya, a binne matattu da zurfi. In kuwa mutuwar ta zo farat ɗaya da yawa, a sanar da likitan dabbobi nan da nan, domin tana iya zama murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ɓullarta a ƙasar nan cikin Fabrairun 2006 a wata gona kusa da Jaji a Jihar Kaduna, ta kuma sake dawowa cikin 2015. Ita tana iya kama mutum, saboda haka ba a yanka kazar da ake zargi da ita don ci.

ABIN DA YA RAGE

Ba wanda ya ce a daina kiwon kajin zamani. Mai hali ya yi nasa a keji dabam, amma kada zakarunsu su sami hanyar zuwa ga kajin iri. Ya kamata kuma ma'aikatun gona na jihohi da malaman gona su kai rigakafi ƙauyuka a kan kari, su koya wa mata yadda ake ɗiga shi, tun da su ne masu kajin. Jami'o'in da ke da sashen kiwo su ma su ajiye garken kajin Fulani da fingi da mai wuya ba gashi tsantsa, inda mai neman zakaran iri zai samu.

Amma mafi yawan aikin a tsakar gida yake, kuma bai fi ƙarfin talaka ba. Ran da mai sarin kaji ya yi sallama a ƙofar gida, ya ɗaga zakaran da ya fi kowanne ya taya da tsada, a ce masa albarka, a nuna masa na biyu.